Bazazzagi da Kujerar da Ta Cije Shi

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Labari ya iske ni har Kantin Kwari cewa tun da ka koma gida ba ka bar kunnen kowa ya huta ba. Daga Tudun Wada har Samaru, duk majalisar da ka zauna zancen ɗaya ne: wai Bakano ya kai ka gidan wasan kwaikwayo an ci maka mutunci, wai "kujeran ya cije ni, yarinyan mai cocila kuma ya raina ni". Kafin mu je ga cizo, a gyara bakin: kujera mace ce, yarinya ma mace ce. Birnin ilimi guda, da jami'a tun 1962, amma har yau an kasa raba muku mace da namiji a magana.

Tun da ka ba da rabin labari, bari ni da na biya kuɗin tikiti in kawo cikon.

Na ce maka ƙarfe takwas za a yaye labule. Ka tsaya gaban madubi kana karya hula har takwas da kwata, ka zumbula babbar riga mai aska takwas, ta sha sitaci tana ƙara kamar takardar siminti, sai ka ce hawan Sallah za mu. Muka isa an kashe fitilu. Saurayin bakin ƙofa ya ce mu dakata a gama fitowar farko, don haske da motsi suna raba hankalin 'yan wasa, su kuwa ba faifai ba ne balle a mayar baya. Ka dube shi sama da ƙasa ka ce ko ya san gidan da ka fito. Yaron ya ce bai sani ba, amma ya san lambar kujerarka.

Da aka buɗe, yarinyar ta haska mana layi na 7. Kai kuwa ka wuce fuu zuwa layin gaba, wai a Zariya babba gaba yake zama. Ta bi ka, ta rusuna, ta yi maka raɗa, ta dawo da kai kamar an kamo ɗan akuya daga gonar maƙwabta.

Sai batun cizo. Irin waɗannan kujeru da kansu suke naɗewa in ba kowa a kai, don a sami hanyar wucewa, kuma in wani abu ya taso jama'a su fita da sauri. Ka danna ta ƙasa, ka sake ta don ka tattara riga, ka tafi zama da dukkan nauyin sarautar da ba a naɗa ka ba. Kafin ka sauka ta riga ta tashi. Ka ji ka a ƙasa tim, rabin riga a bakin ƙarfe, hula ta gangara layi uku. 'Yan baya suka kwashe da dariya, har wani ya tafa, ya ɗauka cikin wasan ne. An ce Sarauniya Amina ta shekara 34 tana yaƙi a kan sirdi. Jikanta kujerar soso ta kayar a minti ɗaya.

Gaskiya ɗaya ce, ko ga Bazazzagi. Tsakanin layi da layi ya matse, gwiwata ma ta sha dungure da bayan kujerar gaba. Madafar hannu ɗaya ce tsakanin mutum biyu, kuma Allah ya haɗa ka da maƙwabci mai faɗi wanda ya riga ka kafa gwiwar hannu. Sanyin na'ura ma ya yi yawa. Dalilin matsin kuwa a fili yake: duk layin da mai gida ya ƙara, tikiti ya ƙara. Wannan ciniki ne, kuma kada ka jira Bakano ya zagi ciniki.

Amma yaushe ka zama mai zaɓen wurin zama? Da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937, da Palace daga baya, kallo a sarari ake yi, sai duhu ya shiga a haska bango. Irinsu muka taso muka tarar. Ka manta muna samari, mu yi layi a tagar tikiti ana ture-ture, mu zauna a benci hayaƙin taba na yawo a kanmu, in hadari ya haɗo kowa ya yi ta kansa? Fim ɗin Indiya na awa uku kake cinyewa a haka, ka fito kana rera waƙar da ba ka san ma'anarta ba. Gidan wasan jami'arku da kake tunƙaho da shi, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya zana, ginin ƙasa ne irin na iyayenmu, kuma ban taɓa jin ka nemi soso a can ba. Ƙasar da ta haifi Shu'aibu Maƙarfi mai Jatau Na Kyallu da marigayi Ƙasimu Yero, ita ce yau ta aiko mana ɗan kallon da kujera kaɗai ya gani.

Ga kuma abin da ka ɓoye wa majalisa. Kujerar da ka ce ba ta zaunuwa, minti ashirin ba a yi ba ta tafi da kai. Ka saki baki, ka ja munshari irin na injin markaɗe, har ɗan wasan da ke kuka a dandamali ya waiwayo. Yarinyar ta zo ta taɓa kafaɗarka ta ce, "Baba, don Allah a ɗan rage."

Nan gizo ke saƙa. Na ga fuskarka a hasken cocila. Faɗuwa ka shanye, dariya ka shanye, amma "Baba" ya tsaya maka a maƙogwaro, kai da ka ɓata rabin safiya kana rina gemu. Ita ce ta shiga ƙarƙashin kujeru ta nemo hularka, ta karkaɗe, ta miƙo da hannu biyu. Da aka tashi ta jira jama'a suka ragu, ta haska maka ƙafa tana cewa, "Baba, a hankali, akwai matakala." Sau biyu ke nan. Soso kowa zai iya sayowa a kasuwa, amma mai haƙuri da Bazazzagi har ƙarshen wasa, wannan a ƙara mata albashi.

Yanzu ga lissafi. Tikitinka, da gugguru leda biyu da ka ce ba ka ci amma ka cinye, da kuɗin sharar bara da ka gudu da shi, duk ina jiransu kafin watan Cika-ciki. In kuwa ka iya faɗa mini abin da wasan ya ƙunsa, ko sunan mutum ɗaya a ciki, na yafe gugguru. Wata mai zuwa akwai sabon wasa. Ka zo da ƙaramar riga, ni zan taho maka da tabarma.

Ubangidanka, Bakano.