Ku Ajiye Jakar a Cape Coast, Malamai

Na ji ku. Tun da aka ta da maganar hutun kwana huɗu a bakin tekun Gana, Kanawa suka shiga lissafi: ruwa ai ruwa ne, ga Tiga nan kusa, me za a saro a can? Zage-zagi kuwa suka ce su sai sun ga littafin da ya zo da hukuncin yawon buɗe ido. To, wanda ya zauna ya huta. Ni da waɗanda suka riga suka karɓi katin rigakafin shawara nake, suka canzo sidi: a ina za ku sauka?

Kada ma ku faɗa, na sani. "Akra mana, muna da ɗan'uwa a Nima." Allah ya bar zumunci. Ranar farko gaisuwa, ta biyu suna, ta uku a ce akwai wata tsohuwa a Mamobi da ta san kakanku, ba a tafiya ba a gaishe ta ba. Ran ƙarshe a leƙa da ku bakin tekun Labadi, ku biya kuɗin shiga, ku ɗauki hoto a kan doki, ku dawo ku ishe mu da labarin teku.

Ku gaisa da dangi, ku ci waken shinkafarsu, ku nufi tashar Kaneshie. Cape Coast na yamma da Akra, kimanin kilomita 150, kuma a tsakani akwai gosulon Kasoa, wanda ba ya sanin mai sauri. Wanda ya yi masauki a Akra zai sha shi safe da yamma. Wanda ya kai jakarsa Cape Coast sau ɗaya zai sha a tafiya, sau ɗaya a dawowa.

"To me ke garin?" Hedkwatar Turawan mulkin Ingila ce har 1877, kafin su koma Akra. Ganuwarsu na nan a kan duwatsu, igiyar ruwa na dukanta, ita ce Obama ya ziyarta a 2009. Tafiyar 'yan mintuna a tasi, ga Elmina, inda mutanen Fotugal suka gina tasu tun 1482. A nan kam ba wasa. Za a shiga da ku ɗakunan da aka tsare bayi, ba iska, haske sai ta 'yar kafa, a nuna muku ƙaramar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Mai surutun cikinku ma shiru zai yi.

Washegari sai dajin Kakum, wajen kilomita 30 arewa da gari, inda aka ɗaura gadoji bakwai na igiya a saman itatuwa. Katako ɗaya ne a ƙarƙashin ƙafa, gadar na lilo. Alhaji mai cewa shi ba ya tsoron komai, a nan muke son ganinka, da babbar riga in ka isa.

Akwai masu son kwana a Elmina, ban ce sun yi laifi ba. Jiragen masunta masu fenti da tutoci sun cika bakin tafkin Benya, abin kallo ne. Amma ƙarnin kifi ba ya tashi daga aiki, kuma in kun je ran Talata, ranar hutun masunta ce. Masu son kwana ɗaya nan, kwana ɗaya can har Takoradi kuwa, ku hutun ɗaure kaya kuka zo.

Batun salla da abin kaiwa baka, ku kwantar da hankali. Garin na da zango da masallatai, ga kasuwar Kotokuraba, kokon safe da ƙosai, dokunu da soyayyen kifi da dare.

Saura gargaɗi ga jaruman kududdufin unguwa. Tekun Atlantika na da ja ta ƙasa, ba ruwansa da iyon da kuka koya a rafi. Ku naɗe wando zuwa gwiwa, ku jiƙa ƙafa, ku fito. Ɗakin kuma ku kama shi tun kuna gida in tafiyar ta faɗo farkon Satumba, don lokacin bikin Fetu Afahye garin cika yake yi.