Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Mai Waya Mai Ninkuwa

Malam na Zazzau, bawan Kanawa,

Shekaranjiya ka tako har Bompai, ka iske ni a bakin injin leda, ka zaro wayarka mai ninkuwa kamar hular zanna. Wai baƙin tabo ya fito a fuskarta, in yanko maka leda mai kauri ka naɗe ta kada damina ta ƙarasa ta. Yaran injin har yanzu dariya suke yi.

To karkaɗe kunne, tunda ilimin Samaru bai tsallako ganuwa ya same ka ba. Fuskar nan a kan roba aka gina ta, da ƙananan ƙwayoyin sinadari masu haskawa da kansu, su ne OLED. Ba su da maƙiyi kamar danshi da iska. Suna shaƙa sai su mutu, tabo ya yi ta faɗi kamar makero. Shi ya sa tun a masana'anta ake yi musu yaɓe hawa-hawa, kamar makuba a jikin soro: siriri mai kama da gilashi, sai mai laushi ya binne ƙura da 'yan ramuka, sai wani mai kama da gilashin a sama. Duka ukun ba su kai kaurin gashin gemunka ba. Danshin da aka yarda ya ratsa faɗin mita ɗaya a yini, ka kasa giram ɗaya gida miliyan, ka ɗauki kashi guda.

Ledarmu kuwa? Zuba mata ƙuli-ƙuli a watan Agusta, ka dawo bayan kwana biyar ka ji yadda ya yi laushi.

Abin da ya fi ba ni dariya, kai da ledar kujerar motarka ta shekara uku ba ka cire ba, rigar kariyar da aka ce kada a taɓa ita ka sa farce ka ɓanɓare, har ka huda. Ba kai farau ba: a 2019 masu gwajin Galaxy Fold sun yi haka, Samsung ta ɗage fito da ita daga Afrilu zuwa Satumba. Su dai ba a gargaɗe su sosai ba. Kai fa?

Ka wuce Farm Centre da kuɗin sabuwar fuska, kada ka ce ni na aiko ka. Ledar da na ba ka, ka zuba goron da za ka kawo wa ubangidanka.