A Layinmu Ƙyalle Ba Ya Zuwa Bola

Duk telan da ke da shago tsakanin Babban Dodo da Ƙofar Doka ya san mu, kuma ba don yawan ɗinkin da muke kai masa ba. Da tambaya ɗaya ya san mu: "Malam, ina ragowar?" Mace za ta kai turmin atamfa, yadi shida cif, a fitar mata da riga da siket da ɗankwali, amma ta tsaya ƙyam a bakin shago sai an tattaro mata guntayen da almakashi ya zubar, har wanda bai kai tafin hannun jariri ba. Tun teloli suna musu har sun haƙura. Yanzu kowanne da buhun bakko a ƙarƙashin keke, yana tara mana, yaro ya je ya kwaso ranar Laraba da yamma.

Alhamis ce ranarmu, tunda babu Islamiyya. Da an idar da azahar sai ka ga mata suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da ƙulli a cikin hijabi, an nufi tsakar gidan Goggo. Ba mu da suna, ba mu da rajista, balle hatimi. An taɓa zama don a zaɓi shugaba, aka sha zoɓo aka watse, domin kowa ta san ko an zaɓa ko ba a zaɓa ba, babban almakashi a hannun Goggo yake.

Tsarinmu adashi ne, sai dai zubinsa ba na kuɗi ba ne, na yatsu ne. Idan ɗauka ta zo kan wance, duk mu taru a kan ɗinkin bargonta na ƙyalle har a gama, sannan a matsa gaba. Mai aurar da 'ya ana ba ta gaba, haka mai tsohon ciki. Wadda ta yi fashin Alhamis biyu babu ciwo babu rasuwa kuwa, ta koma ƙarshen layi, ko da matar mai unguwa ce.

Kada wani ya ɗauka tara tsumma ne kawai a bi da allura. Da farko sai an jiƙa kowane ƙyalle daban, a ga mai zuba, domin ja ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata aikin wata guda ranar wankin farko. Wankin kuma shi ke sa yadi ya gama tsukewarsa tun bai shiga cikin 'yan'uwansa ba. A shanya, a bi da dutsen guga na gawayi, sannan a ɗora kwalin da Goggo ta yanka mai kusurwa huɗu, a zagaye shi da alli, a yanke, a bar ɗan baki na kama ɗinki. Ba a haɗa atamfa da yadi mai santsi, don ɗaya na ja ɗaya na tsaye, bargo ya fito a karkace. Idan fuskar ta haɗu sai a shimfiɗa akoko ko tsohon zanen gado a ƙasa, a baza auduga a tsakiya, a rufe da fuskar. A fara kamawa da manyan ɗinki daga tsakiya zuwa gefe, don kada ciki ya tattare, sannan a zauna a kewaye shi ana bi layi-layi da ƙananan ɗinki. Dajiyar baki ita ce ƙarshe, kuma Goggo ba ta barin kowa ta taɓa.

Ita Goggo ba ta duba fuskar aiki. Ki kawo mata yanki kina murmushi, launi ya zauna, sai ta gyara tabarau ta kifa shi. A baya take karatunta. "Maman 'yan biyu, wannan kuma hanyar Kwangila ce? Nan rami, can tudu." Ta miƙo reza ba tare da ta ɗaga kai ba. Babu wadda rezar nan ba ta ziyarta ba, har Hajiyar da ta je Makka sau ba adadi. Abin mamaki, matan da idan kishiya ta ce miyarsu ta yi gishiri sai an kira waliyyai, su ne za su karɓi reza su farke aikin yini guda suna dariya.

Yawancinmu dama 'yan allura ne. Birnin Zariya garin aikin riga ne, garin aska takwas da aska biyu. A da aikin maza ne, malamai da almajiransu a zaure, mata na ɗinkin hula a cikin gida. Daga baya mata suka shiga aikin riga gadan-gadan. Mai riga ya aiko da shadda an riga an zana mata, ki yi makonni kina cike zane har ido ya fara yaji, a karɓa a kai wa 'yan bugu, daga nan sai kasuwa. Ranar sallah ki hango ta a wuyan wani Alhaji yana tafe yana saɓa hannu, bai san ki ba, bai san yatsan da allura ta huda ba. An biya ki, magana ta ƙare. Bargon ƙyalle kuwa babu mai zana mana, babu dillali, babu mai cewa sauri. Shi ya sa mai gidan da ya ce ɓata lokaci muke yi, tunda ba ya kawo ko sisi, ba ma tanka masa. Muna jiransa watan Janairu. Idan hunturu ya buso da asuba, shi ne na farko da zai ja bargon ya bar mai shi da gefe.

Amma a faɗi gaskiya, ba sanyi kaɗai ke tara mu ba. Rabin abin da ke cikin buhunmu ragowar anko ne, kuma kowane anko da labarinsa. Da an zazzage buhu a tabarma, allura ta tono garma. "Wannan mai ruwan ƙwai ba na bikin 'yar gidan mai goro ba ne?" "Shi ne, auren da bai kai azumi ba." "To, ai ga na aurenta na biyu nan, mai ganye." Sai a yi shawara ko ya dace a jera su kusa da juna. Akwai atamfar da aka yi suna da ita, akwai ta walimar sauka, akwai ta siyasa mai hoton ɗan takara, wadda dokarmu ta ce a yanke fuskar a yi amfani da gefen, don kada mutum ya kwana da wanda bai zaɓa ba. Mai son sanin tarihin layin nan ba sai ya je wurin mai unguwa ba. Ya ɗaga labulen kowane ɗaki ya dubi gado.

Goggo na da wani ƙulli da ba ya shiga buhun kowa: guntayen atamfar Kaduna, tun zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran ma suka bi sahu, amma ƙyallayen nan har yau launinsu bai gudu ba. Ɗaya tak take sa wa a bargon amarya, a kusurwa, kuma sai wadda ta ga dama. Wadda ba ta samu ba ta san akwai magana.

Amaryar gidan Malam, Bakanuwa ce, ita ta zo mana da tsokana. Wai mu Zage-zagi me muka sani a ɗinkin cusa auduga, ai daga wurinsu aka gani. Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara sa wa dawaki lifidi, har ya zo da shi yaƙin Zazzau. Goggo ta bar ta ta kai aya, sannan ta ce, "Amarya, mutumin da ya naɗe kansa da dokinsa a cikin katifa kafin ya tunkaro mu, ai ba sai an tambayi wa yake tsoro ba." Ranar an yi shewa har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Duk da haka da hawan sallah ya zo, muna gefen hanya, kowa na kallon mahaya, mu muna ƙare wa ɗinkin 'yan lifidi kallo, muna cewa wannan layin da Goggo ta gani da ya sha reza.

'Yar Hajiya da ke karatu a Samaru kuma ta nuna mana hotuna a waya. Wasu mata ne baƙaƙen fata a wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi, da suke haɗa bargo da tsofaffin wandunan aikin gona don maganin sanyi. A 2002 aka rataya aikinsu a manyan gidajen nune-nune na Houston da New York, a 2006 aka buga shi a jikin kan sarkin gidan waya na ƙasar. Waya ta zaga hannu-hannu, kowa na salati. Da ta iso wurin Goggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Launi kam sun iya. 'Yar nan, juya min shi in ga bayan."

Yanzu maganar da ke gabanmu ta bikin autar Maman 'yan biyu ce, bayan sallah. Uwar amarya ta je Kantin Kwari ta ɗauko samfur uku a zaɓi anko, ita da amarya hankalinsu na kan mai ruwan goro. Muka haɗa baki muka ce sam, kore ya fi kama jikin yarinyar, kore ne yayi, kore ba ya nuna datti. Har Bakanuwa ta rantse a Kano yanzu kore ake yi. Uwar amarya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ja buhun ta zazzage a tabarma, ta tona, ta tona. Ruwan goro ya fi kala goma. Kore ko na ɗaure yatsa babu.

"Allah ya shirye ku," in ji ta. "Turmi nawa zan saro?"