Yadda Baƙo Zai Hau Jirgin Fito a Legas

Wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Tiga girma ba, in ya kwana a Ikorodu kuma yana da uzuri a Marina, to ya ƙyale danfo ya nufi tashar jirgin ruwa ta Ipakodo. Ta titi gosulon safiya kan lashe awa biyu ko fiye, ta ruwa kuwa tafiyar ba ta cika kaiwa awa guda ba.

Ya yi sammako, domin ma'aikatan Ikko ba sa jiran rana. In jirgin gwamnati na LAGFERRY zai hau, ya tanadi katin Cowry, wanda ake shiga bas ɗin BRT da shi.

Sai batun rigar kariya. Hukumar LASWA, wadda aka kafa a 2008 don kula da hanyoyin ruwan jihar, ta wajabta ta a kan kowa, Alhaji ne ko ɗan dako. Mai babbar riga ya naɗe ta, ya ɗora ta kariyar a sama, ya ja kowace igiya ta kama jiki. Kwarjini zai ragu, gaskiya ne, amma ruwa bai san rawani ba. Masu rataya ta a wuya kamar gyale su ne ke ba marubucin nan tsoro, don ranar da jirgi ya kife ba a samun sukunin ɗaure komai.

Hula kuma ta koma aljihu tun daga tasha. Iskar tafkin Legas ba ta tambayar kuɗin zanna-bukar kafin ta ɗauke ta.

Da ya hango gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8 da aka kammala a 1990, motoci jere a kanta ba motsi, kada ya ɗaga musu hannu. Ya yi musu addu'a.

In inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada ya fara wasiyya. Galibi kainuwa ce ta sarƙe farfela, ciyawar da kan rufe bakin tashar Ikorodu wajen ƙarshen shekara. Matuƙi zai ɗaga injin, ya cire ta da hannu, a ci gaba. Shi dai ya zauna inda aka ajiye shi, kada ya miƙe leƙe, kuma ya gama harkarsa kafin magariba, tunda an hana ƙananan jirage tafiyar dare.