Aliero da Galmi: Wa Ya Fi Sa Ku Hawaye?

Na ji wani yana cewa, "Duk garuruwan duniya, sai Aliero da Galmi?" To Alhaji ɗan birni, kafin ka yi tsaki, aika a leƙa maka kicin. Albasar da uwargida take yankawa tana share hawaye, mai yiwuwa ɗayan garuruwan nan biyu ne ya aiko ta.

Aliero tana jihar Kebbi, kusa da Jega, a ƙasar masarautar Gwandu. Galmi kuwa tana jihar Tawa a Nijar, kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙwanni da Madawa. Turawan Ingila da na Faransa suka ja layi a tsakani, amma fadama ba ta san fasfo ba: noman rani ɗaya, buhu ɗaya, kuka ɗaya idan kaka ta yi farashi ya faɗi. Mai hali ya zuba tasa a rudu, ya jira damina ta yi nisa kuɗi su hau, yana addu'ar kada rabi ta ruɓe. Marar hali ya sayar wa dillali a bakin gona.

A wajen suna, Galmi ta yi wa Aliero fintinkau, kuma 'yan Kebbi ku yi haƙuri. Irin albasar nan mai jan bawo da ake kira Violet de Galmi, da sunan garin ake sayar da shi har a Ghana da Kwaddibuwa. Manoman wasu ƙasashe na shuka shi ba su taɓa ganin Galmi ba. Ta Aliero kuwa tana cika tirela zuwa Legas da Fatakwal, amma da ta isa can sai a ce "albasar Hausa", shi ke nan.

"To ban da albasa fa?" Na san za ku tambaya. Ku karye tukuna, Allah ya kiyaye. Aliero gidan masu ɗori ne tun kaka da kakanni, ana kawo musu masu karaya daga nesa. Galmi kuma tana da asibitin mishan na SIM tun 1950, wanda 'yan Najeriya ma ke ƙetara iyaka su je. Mai ɗori ya ɗaure da karan dawa da tofi, likita ya ɗauki hoton ƙashi ya sa siminti. Zaɓi ya rage ga mai ƙafa.

Inda Aliero ta rama shi ne boko da siyasa. Ta fitar da gwamna, Adamu Aliero, daga 1999 zuwa 2007, kuma a 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin. Galmi sai dai ta nuna muku masana'antar siminti ta Malbaza, ita ma ta maƙwabta ce.

Mai neman otal da wurin ninƙaya ya zauna a Abuja abinsa. Mai son zuwa ya bari sai watan Maris ko Afrilu, lokacin da buhuna ke tsaye jere a bakin titi, ya taho da hankici.