Bazazzagin Suleja, Nawa Kuka Karɓa?

Gaisuwa daga ubangidanka na Kano zuwa gare ka, bawana Bazazzagin Suleja. Na san wannan takarda ba za ta same ka a gida ba sai in ta dace da Asabar ko Lahadi, don haka a ajiye maka wajen uwargida.

Tambaya ce ke tafe da ni, kuma tambayar ɗan kasuwa ce: nawa kuka karɓa? Bari in tuna maka tarihinku, tunda zirga-zirga ta hana ka zama ka ji daga bakin tsofaffi. Da jihadi ya ci Zariya, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka a Zuba. Ku kuna cewa hijira ce, mu a Kano mun san sunan abin da ake yi da ƙafa in wuta ta yi wuta. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Gaskiya ɗaya ce, masu jihadi ba su ci garin nan da yaƙi ba, kuma har gobe sarkinku Sarkin Zazzau ake ce masa.

To, abin da mashi da takobi suka kasa, takarda ta yi shi cikin ruwan sanyi. A 1976 gwamnatin Murtala, ɗan Kano fa, ta tsai da shawarar gina sabon babban birni. Kuka ba da ƙasa mai yawa daga masarautarku, kuka haɗa da sunan garin gyara, kuka koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ko a kasuwar Kurmi ban taɓa jin inda gyara ya fi kayan da aka saya ba. Da Bakano ne, wallahi haya zai bayar, duk wanda ya rubuta Abuja a kan ambulan sai ya ajiye wani abu.

Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, ga abin da cinikin ya jawo maka. Ana sallame sallar asuba kana bakin titi, ƙosai a leda, tsumman goge takalmi a aljihu. A mota mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, gwiwarka tana gaisawa da giya duk lokacin da direba ya canja. Ku wuce Madalla in tankokin mai da 'yan kasuwa sun yarda, ku bi Zuba, Dei-Dei, Kubwa, kafin ka isa ofis gugar rigar ta koma inda ta fito. Kullum kana wuce Dutsen Zuma, amma ka fi ganinsa a jikin naira 100, don da duhu kake fita, da duhu kake dawowa. Ladi Kwali ma, da ta yi suna a makarantar ginin tukwane ta garinku har hotonta ya hau naira 20, yau in ka miƙa ta kwandasta ko kallonta ba ya yi. Ƙaramin ɗanka kuwa an ce in ya gan ka da rana sai ya ruga ciki ya ce an yi baƙo.

Shi ya sa Asabar ɗinku take ɗaukar kayan mako guda: ɗaurin aure da safe, suna da hantsi, ta'aziyyar da ta kwana biyar da azahar, taron gyaran kwalbatin unguwa da la'asar. Gidan haya ɗaya sai ka tarar da Inyamuri mai kayan gyaran mota, Bayarabiya mai shago, ɗan Tibi ma'aikacin gwamnati, duk tsadar hayar Abuja ta koro su, suna layin rijiya ɗaya, suna aika wa juna tuwon salla da shinkafar kirsimeti. Matan Gwari, masu ƙasa tun fil azal, suna shigowa da doya a kafaɗa.

A nan kam dole in sara muku, ko da ba da son raina ba. Ranar salla Abuja kan zama fayau, kowa ya gudu garinsu, ku kuwa ga fada, ga dawaki, ga tambari, ga dangi. Sun tafi da suna da manyan tituna, sun bar muku gari. Sai dai wannan ba wayonku ba ne, Allah ne ke tsare dukiyar wanda bai iya ciniki ba.

Saboda haka ka tanadi kuɗin shara tun kafin watan cika-ciki ya kama, ka haɗa da doya mai kyau, zan aiko yaro ya karɓa. In kuma aka sake zuwa neman wani abu a hannunku, kada ku sa hannu a takarda sai kun kira Bakano ya yi muku ciniki. Lada kaɗan zan cira.