Yadda ake ɗora babbar manhaja a kan faifai biyu da aka haɗe, a Miga

Duk wanda ya mallaki kwamfutar tebur mai faifan ajiya biyu, ko ba jima ko ba daɗe wani zai ba shi shawara ya haɗe su wuri guda don su yi gudu. Shawarar takan taso daga Kano, wajen masu kayan kwamfuta na Beirut Road, ta biyo motar haya ta sauka a Miga, kuma kafin ta iso rabin bayaninta ya zube a hanya. Maganar gudun ce kawai ke isowa lafiya.

Sunan wannan haɗi RAID 0. Dabarar tara faifai su yi aiki kamar guda ɗaya ta yi suna ne a 1988, lokacin da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, suka fitar da maƙalarsu a kai. Matakai biyar suka lissafa, daga 1 zuwa 5, kowanne da hanyar da zai ceci bayanai idan faifai ɗaya ya mutu. Wanda ake kawo mana shawararsa ba ya cikin biyar ɗin, domin shi bai tanadi ceton komai ba.

Ga yadda yake aiki. Ka ɗauka kana da doguwar wasiƙa, sai ka kira masu rubutu biyu, kowa da takardarsa. Na farko ya rubuta layi na ɗaya, na biyu ya rubuta layi na biyu a lokaci guda, na farko ya ɗauki na uku, haka har ƙarshe. Za a gama a rabin lokaci, babu shakka. To, sai akuya ta shigo zaure ta cinye takarda ɗaya. Kada ka ce rabin wasiƙa ya rage maka. Abin da ke hannunka shi ne gaisuwa, da sunan wanda ake bi bashi, da sa hannu. Adadin kuɗin da ranar biya suna cikin akuya. Haka kwamfuta ke yanka manyan fayiloli gunduwa-gunduwa, galibi kilobayit 64 ko 128, ta jefa wannan a faifai na ɗaya, wancan a na biyu.

Wa ke buƙatar wannan a Miga? Mai ɗaukar bidiyon biki da suna, wanda ke juya manyan fayiloli yini guda, yana da hujja. Mai shagon da ke buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar WAEC da NECO ba shi da ita, domin jinkirinsa daga intanet yake, kuma ko faifai goma ya jera, sabis ba zai ji labari ba.

Idan ka tabbata kana cikin masu hujja, fara da duba faifan. Su kasance girma ɗaya. A haɗin da ake ƙullawa daga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi, ƙaramin ne ke yanke hukunci: ka haɗa mai gigabayit 500 da mai terabayit 1, za ka samu terabayit 1 ne jimilla, sauran 500 na babban su zauna ba aikin yi. Daga nan ka kwashe duk abin da ke cikinsu zuwa wani wuri, domin ƙulla haɗin yana shafe faifan biyu kakaf. A nan ake rasa hotunan ɗaurin auren mutane, kuma mutanen sun san gidanku.

Sai wuta, wadda ita ce rabin aikin. Ka cika tankin janareta kafin ka taɓa komai, ko ka jira rana ta take idan sola gare ka, kuma in da hali ka sa UPS a tsakani. Ka tara mutanen gida ka yi musu bayani cikin natsuwa cewa na tsawon awa guda ba guga, ba jona hita, ba wanda zai cire wata waya don ya sa cajin tasa. Ka naɗa mutum ɗaya, babba mai kwarjini, ya zauna kusa da soket. Yaro ba zai iya wannan aiki ba, domin wanda zai zo neman caji yakan girme shi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗorawa, daga farko za ka sake.

Kunna kwamfutar ka shiga BIOS. A Dell maɓallin F2 ne, a HP F10, a wasu kuma Del. Nemo wurin da aka tsara yadda faifan SATA ke aiki, ka sauya shi daga AHCI zuwa RAID. Idan akwai tsohuwar Windows a ciki, daga wannan lokaci za ta ƙi tashi, ta nuna maka shuɗin allo. Kada ka firgita, dama sallamarta za ka yi. A tsofaffin allunan cikin kwamfuta (motherboard) na Intel, kana sake kunnawa sai ka danna Ctrl da I tare. A sababbi kuwa shafin Intel Rapid Storage Technology yana cikin BIOS ɗin kansa. Zaɓi faifan biyu, zaɓi RAID 0, bar girman gunduwa yadda ka same shi, ka amince. Na'urar za ta tambaye ka ko ka tabbata. Tambaya ce ta gaskiya, ka ba ta haƙƙinta na tunani.

Yanzu ka soka filashin da ka ɗora wa Windows, mai aƙalla gigabayit 8, wanda aka shirya da Rufus ko manhajar Microsoft. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 ce ta dace, ita kuma tana neman TPM 2.0, abin da tsofaffin kwamfutoci na hannu da yawa ba su da shi, don haka ka bincika tun a kasuwa. Za ka bi matakai lafiya har ka iso shafin da ake zaɓar inda za a ɗora manhajar, sai wataƙila ka tarar babu faifai ko ɗaya. A wannan gaɓa masu kallo za su fara ba da shawara, wani ya ce a hura cikinta, wani ya ce dama shi tun farko bai yarda da mai sayarwar ba. Ka gode musu. Faifan suna nan; Windows ce ba ta san yaren na'urar da ta haɗa su ba, sai an ba ta direba. Wannan ƙaramin fayil ne da ake saukowa daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a warware shi a ajiye a filashi tun kafin a fara. Danna Load driver, nuna mata wurin, sai faifai guda ɗaya babba ya bayyana. A zamanin Windows XP sai an danna F6 an soka fulofi, saboda haka mu mun samu sauƙi. Wanda ya manta bai sauko da direba ba, ga shi ya riga ya shafe kwamfutarsa tilo, zai kashe janareta ya tafi neman aron wata.

Wasu za su ce ai Windows da kanta tana iya haɗa faifai daga cikin Disk Management. Tana iyawa, amma ba ta tashi daga irin wannan haɗin, ajiya kawai ake yi a kai. Masu Linux kuwa mdadm suke amfani da shi, kuma dole su ware ƙaramin sashe na EFI, mai tsarin FAT32, a wajen haɗin, domin BIOS ba ya iya karanta wasiƙar da aka raba gida biyu kafin manhaja ta farka.

Me za ka samu bayan wannan wahala? Gudun kwafar manyan fayiloli zai kusa ninkawa. Tashin kwamfuta da buɗe manhajoji kuwa da ƙyar za ka ga bambanci, domin su ƙananan fayiloli ne barbaje, kuma allurar faifai sai ta yi tafiyarta kafin ta same su. Faifai mai juyawa yana ba da megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD, wato faifan da ba ya juyawa, guda ɗaya na SATA yana kai wajen 550, ba direba, ba taron mutanen gida. Ni a ganina, mai kuɗin faifai biyu ya fara tambayar kuɗin SSD ɗaya.

Haɗarin kuma lissafi ne mai sauƙi. Mu ƙaddara kowane faifai yana da yiwuwar mutuwa kashi 5 cikin 100 a shekara. Yiwuwar su biyu su kai baɗi ita ce 0.95 sau 0.95, wato 0.9025, don haka haɗarin rasa komai ya tashi zuwa kusan kashi 10. Wannan lissafi bai san zafin Afrilu ba, bai san ƙurar hunturu da ke toshe fanka ba, bai san janareta mai tari ba.

Bai kuma san kogin Haɗeja ba. Ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, ya tarar kacalla ta toshe masa hanya, gonaki da gidaje yake nufa, kuma mutanen Jigawa ba su manta ambaliyar 2022 ba. Don haka daga Agusta zuwa Satumba kwamfuta ba ta kwana a ƙasa. Manhaja da aikin da kake kai a yau su zauna a kan haɗin. Bidiyon mutane da takardunsu su sami kwafi a faifai na uku, a cikin leda, a wani gida da ke kan tudu. Idan ta kama a kwashe kaya cikin dare, ka ɗauki kwamfutar ɗungurungum. Wanda ya zare faifan biyu ya bar allon, sai ya nemo wata mai irin na'urar haɗin kafin ya ga fayil ɗaya, domin allon AMD ba ya karanta haɗin da Intel ta ƙulla. Wanda kuma ya zari faifai ɗaya don rage nauyi, ya ba ƙaninsa ɗayan ya shiga wani kwalekwalen, to ya tabbata ya san garin da kwalekwalen zai tsaya.